Muhammadu al-Kashnawi: malamin Katsina da ya kai lissafi Makka

 'Yan'uwa mazauna ƙetare, ina so in kawo muku tarihin wani bawan Allah da ya riga mu barin gida da kusan shekara 300. Ya fito daga ƙasar Katsina, ya yi zaman Makka, ya rasu a Alƙahira a gidan da ba na danginsa ba. Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi.

Dalilina na zaɓensa biyu ne. Na farko, baƙo ne kamar mu, ya san ɗacin nisa da gida, ya san yadda ake neman mutunci a ƙasar da ba a san kakanninka ba. Na biyu, da yawa daga cikin 'ya'yanmu da ƙannenmu yanzu suna cikin ɗakunan gwaje-gwaje na jami'o'i, wasunsu suna aiki a fannin da ake kira kimiyyar nano, inda mai ilimin sinadarai ba ya iya komai sai da mai lissafi, mai lissafi kuma sai da injiniya da likita. Na sha jin ana cewa wannan ɗabi'a ta haɗa fannoni baƙuwa ce a wurinmu, wai daga Turai muka aro ta. Rayuwar wannan malami ta isa amsa.

Katsinar da ta haife shi

Laƙabinsa cikakke yana ɗauke da adireshinsa: Bafulatani, Bakatsine, mutumin Ɗan Ranko, ɗan ƙasar Sudan, wato sunan da Larabawa ke kiran ƙasashen baƙar fata na kudu da Sahara. Katsinar da ya taso a cikinta, a farkon ƙarni na 18, ba ƙaramin gari ba ne. Ayarin raƙuma daga Agadas da Gat da Gadamas suna sauka a cikinta, fataken goro daga Gwanja suna ratsa ƙasarta, takarda da littattafai suna shigowa tare da gishiri da tufafi. Hasumiyar Gobarau tana tsaye. Sunan Wali Ɗan Marina da na Wali Ɗan Masani, waɗanda suka rayu a ƙarni na 17, yana bakin kowane almajiri. A kudancin ƙasar kuma akwai 'Yandoto, garin malamai. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba a ma haife shi ba tukuna, domin sai a 1754 ya zo duniya, shekara 13 bayan rasuwar wanda muke magana a kansa. Wannan kaɗai ya kamata ya tuna mana cewa ilimin ƙasarmu ya girmi jihadi.

Mafi yawan abin da aka adana na rayuwarsa ya zo mana ta hannun masanin tarihin Masar, Abdurrahman al-Jabarti, a cikin babban littafinsa Aja'ib al-Athar. Yadda aka yi wani Bamisire ya san Bakatsine har ya rubuta sunayen malamansa ɗaya bayan ɗaya, za mu zo kansa.

Malamai huɗu, fannoni goma

Tsarin karatunmu na da shi ne ɗalibi ya bi malami, ba makaranta ba. Inda aka ce ga gwanin nahawu, can za a nufa. In an ƙoshi, a ɗauki gafaka a nemi gwanin fiƙihu. Haka Muhammadu ya yi.

Daga cikin malamansa akwai Muhammadu al-Wali ɗan Sulaimanu, Bafulatanin Bagarmi, a kudu maso gabashin tafkin Chadi, wanda ya shahara da sharhinsa a kan tauhidin Sanusi da kuma rubutunsa na hani ga shan taba. Akwai Shehu Hashimu. Akwai Shehu Muhammadu Fodu, wanda ya lazimta wajen shekara huɗu, a gida da kan hanya, ya karanta sarfu da nahawu da littattafan adabi a wurinsa. Da farko malamin yana yi masa laƙabi da Mai Maƙamatu, saboda yadda ya haddace su yana kawo kalmominsu a duk inda ake bukata. Da ya ƙware a nahawu sai ya sauya masa laƙabi, ya koma kiransa da sunan Sibawaihi, limamin masana nahawun Larabci. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya san ba a cika samun irin wannan yabo da arha ba.

Sai kuma Shehu Muhammadu Bindu, wanda shi ne ya buɗe masa ƙofar lissafi. A wurinsa ya karanta hisabi, da ilimin lokuta, da ilimin haruffa, da aufaƙi, wato abin da mu Hausawa muke kira hatimi, duka bisa tafarkin malaman Magrib. A wurin wannan malami dai ya karanta usulu da balaga da manɗiƙi, ya saurari Bukhari, ya bi mafi yawan Mukhtasar na Khalil.

Ina roƙon mai karatu ya tsaya ya dubi wannan jeri. Malami guda ne yake koyar da hadisi da safe, ya koyar da lissafi da yamma, ba tare da ya ga ya fita daga gonarsa ba. Dalili kuwa a fili yake. Rabon gado ba ya yiwuwa sai da sanin kasafi: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi, sudusi. Lokacin salla ba ya tabbata sai da auna inuwa da sanin tafiyar rana. Alƙibla tana bukatar sanin inda gari yake a doron ƙasa. Zakka tana bukatar ma'auni da sikeli. Shari'a da kanta ce ta tura malamai ga lissafi da taurari, ba son burgewa ba.

Hanya da zaman Makka

A wancan zamani hanyoyi biyu manya mahajjatanmu ke bi: ko dai su keta Sahara ta Fezzan su faɗa Masar su shiga ayarinta, ko su yi gabas ta Barno da Bagarmi da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya. Kowacce aka bi, tafiya ce ta watanni masu yawa, wani lokaci ta shekaru, ana yi ana tsayawa neman guzuri. Muhammadu ya ratsa masarautu da dama, ya gana da sarakunansu da malamansu. A wani zango ya zauna wata biyar wurin wani malami yana karanta ilimin ramli, wato bugun ƙasa, da wasu littattafan hisabi. Ya kuma rubuta labarin tafiyarsa. Tafiya mabuɗin ilimi, in ji Hausawa, shi kuwa a wurinsa hanyar ce ma makarantar.

Ya yi aikin hajji a shekara ta 1142 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1730, sa'an nan ya zauna maƙwabtaka da Ɗakin Allah. Makka a lokacin tana hannun Sharifai, ƙarƙashin sarkin Turkawa na Istanbul. A kewayen Ka'aba akwai maƙamai huɗu, na Malikawa da Hanafawa da Shafi'awa da Hambalawa, kowace mazhaba da limaminta. Tsakanin ginshiƙan masallaci kuwa halkoki ne na karatu, inda mutumin Jawa ke zama kusa da mutumin Sindi, Bakurde kusa da Bamagribe, Batakrure kusa da Bayamane. A shekarar da ta biyo bayan hajjinsa, 1143, Shah Waliyullahi na Delhi ya iso Hijaz, ya yi karatun hadisi a Makka da Madina kafin ya koma Indiya ya zama abin da ya zama. Wannan shi ne irin taron da Bakatsinen ya faɗa cikinsa. Babu wata jami'a a duniyar wancan lokaci da ke tara mutane daga nisan da hajji ke tara su duk shekara.

Akwai wata matsala ƙarama da duk mai lissafin haruffa daga ƙasarmu zai ci karo da ita a Gabas, kuma ina ganin darasi a cikinta. Kowane harafin Larabci yana da adadinsa, amma Magribawa da mutanen Gabas sun saɓa a kan wasu. A lissafin da muka gada, harafin shinun 1000 ne, shi ya sa ramzin shekara a ƙarshen tsofaffin waƙoƙinmu yake yawan ɗauke da shi. A Makka da Masar kuwa shinun 300 ne, gainun ne 1000. Sadi a wurinmu 60, a wurinsu 90. Ke nan mutum biyu za su dubi kalma guda, kowa ya fitar da adadi dabam, kuma kowa yana da gaskiya bisa tafarkinsa. Wanda ya taso da hanyar Magrib ya zo yana rubuta wa mutanen Gabas, tilas ya riƙe ma'auni biyu a kansa, ya san lokacin da zai fassara ɗaya zuwa ɗaya. Duk wanda ya taɓa zama a taron bincike inda likita da injiniya ke amfani da kalma guda da ma'ana biyu, ya san wannan wahala. Haɗin gwiwa yana farawa ne daga yarda cewa abokin aikinka ba jahili ba ne, harshensa ne dabam.

Littafin da aka fara a Makka

A Makka ya fara rubuta littafinsa mafi girma, al-Durr al-Manzum, wanda ya tsara shi da gabatarwa da manyan sassa biyar da rufewa. Ya gina shi a kan wani tsohon littafi da ake jingina wa Fakhruddin al-Razi. Bai kammala shi ba sai a Alƙahira, a watan Rajab na 1146, wato ƙarshen 1733 zuwa farkon 1734.

A nan wajibi ne in faɗi magana a fili, domin ba na son in sayar muku da doki in ɓoye ɗingishinsa. Wannan littafi a kan ɗalasimai da taurari yake, kamar yadda cikakken sunansa ya nuna. Fanni ne da malamai suka daɗe suna saɓani a kansa. Ibn Khaldun, tun a ƙarni na 14, ya sanya ilimin asiran haruffa a sahun sihiri, malamai da yawa a ƙasarmu da wajenta sun yi hani da duba da bugun ƙasa da neman sanin gaibu ta hanyar taurari. Ni ma a nan nake tsaye: gaibu na Allah ne, tauraro ba ya amfanarwa ba ya cutarwa, jera lambobi a gidaje ba ya sauya ƙaddara.

Amma wannan matsayi bai tilasta mini in zubar da mutumin gaba ɗaya ba. A zamaninsa, a Gabas da Yamma, ilimin taurari na auna sama da na duba suna cuɗe a littafi guda. Kepler, wanda ya gano ƙa'idojin tafiyar duniyoyi, ya yi wa manyan mutane duban taurari. Newton, wanda ya rasu a 1727, shekara uku kacal kafin hajjin al-Kashnawi, ya ɓata shekaru yana bin ilimin juya ƙarfe ya zama zinariya. Turawa sun tace, sun riƙe abin da gwaji ya tabbatar, sun bar saura, ba su kuma jefar da sunayen mutanensu ba. Mu kuwa sau da yawa mukan rabu biyu: masu haɗiye komai har da tsakuwa, da masu zubar da tuwon saboda tsakuwar. Akwai hanya ta uku, ita ce a yi tankaɗe da rairaya.

Abin da ke cikin hatimi

Idan aka yi tankaɗen, abin da ke saura a faifai shi ne lissafi tsantsa, kuma mafi yawansa yana cikin wani littafin nasa, Bahjat al-Afaƙ, wanda ya kammala wajen 1145, a kan haruffa da aufaƙi. Hatimi a ma'anarsa ta lissafi shi ne a jera lambobi a gidaje, yadda kowane layi, a kwance ko a tsaye ko a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, zai ba da jimla guda. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida tara, wanda kusan kowa ya taɓa gani:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Ta ko'ina aka tara, 15 ne. Mai gida 25 jimlarsa 65, mai gida 49 jimlarsa 175, mai gida 81 jimlarsa 369. Gwanintar ba a haddace hatimi ɗaya take ba, tana cikin sanin ƙa'idar da za ta gina kowanne komai girmansa. Al-Kashnawi ya bayyana hanyoyin gina hatimai masu layin mara, wato uku, biyar, bakwai, tara, har sama, wasunsu suna bin takun doki na wasan shaɗaranji. Domin mai karatu ya ɗanɗana, ga misalin da na jera da kaina bisa irin wannan taku. A sa 1 a kusurwar sama ta hagu. Daga nan a sauka gida biyu, a matsa gida ɗaya dama, a sa lamba ta gaba. In an fita ta ƙasa a shigo ta sama, in an fita ta dama a shigo ta hagu, kamar an naɗe takardar. In aka tarar gidan da mai shi, a sa lambar a gidan da ke saman wadda aka rubuta ta ƙarshe. Ga abin da zai fito:

1 14 22 10 18
25 8 16 4 12
19 2 15 23 6
13 21 9 17 5
7 20 3 11 24

A gwada da yara a gida. Kowane layi 65 ne. Wannan umarni mai bin mataki bayan mataki, wanda ba ya bukatar basirar mai aiwatarwa, shi ne ainihin abin da masu kwamfuta ke rubutawa a yau. A cikin littafin ya kuma yi wa ɗalibi nasiha da kada ya karaya idan lissafi ya ƙi fita, ya yi ta maimaitawa har ya faɗa hannunsa.

Ba a nan kaɗai alƙalaminsa ya tsaya ba. Ya yi waƙar manɗiƙi mai suna Minah al-Ƙuddus, ya yi mata sharhi mai kauri da ya kira Izalat al-Ubus, ya kuma rubuta Bulug al-Arab a nahawu. Wanda aka yi wa laƙabi da Sibawaihi bai manta da asalinsa ba.

Alƙahira da gidan Jabarti

Daga Makka ya wuce Masar, ya fara zama a wata unguwa kusa da Azhar da ake kira Darb al-Atrak. A nan ya haɗu da mutumin da ya zama ɗalibinsa, amininsa, kuma a ƙarshe wasiyyinsa: Shehu Hasan al-Jabarti. Shi ma jinin baƙi ne, domin kakanninsa daga yankin Zaila suka zo, a gabashin Afirka, gidansu ne kuma ke shugabantar ruwaƙin Jabartawa a Azhar. Hasan Bahanafe ne, Muhammadu Bamalike; ɗaya ɗan gari mai dukiya da gidaje, ɗaya baƙo mai gafaka. Duk da haka babban malamin Azhar ya durƙusa gaban Bakatsine ya karɓi ilimin aufaƙi da hanyoyin lissafin haruffa da adadi. Ilimi a nan daga kudu ya tafi arewa, daga Katsina zuwa Alƙahira.

Gidan Hasan al-Jabarti shi ne abin da ya fi kama da ɗakin bincike na haɗin gwiwa a wancan zamani. Faƙihi ne mai ba da fatawa, amma gidansa cike yake da kayan auna taurari, yana sassaƙa agogon rana a kan marmara, yana zama da maƙera da masu zubi da masu sassaƙa. Lokacin da wani gwamnan Turkawa, Ahmad Basha, ya zo Masar wajen 1748 ya nemi wanda zai tattauna lissafi da shi cikin manyan Azhar, Hasan aka nuna masa. A 1172, wato wajen 1758, da ma'aunan kasuwannin Masar suka lalace har haƙƙin mutane ya riƙa salwanta, shi ne ya tara maƙera da masu zubi, aka gyara sikeli da duwatsun awo bisa lissafi, ya kuma rubuta littafi a kan haka. A dubi wannan aiki da kyau: matsalar ta shari'a ce, domin tauye mudu haramun ne; maganinta na lissafi ne; aiwatar da ita kuwa sai da maƙeri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Waɗannan abubuwa sun faru bayan rasuwar al-Kashnawi, amma suna nuna irin gidan da ya zaɓa ya ƙare kwanakinsa a ciki, da irin ɗalibin da ya bari.

A wannan gida Allah ya karɓi ransa a 1154, wato 1741. Ya yi wasiyya da Hasan ya kula da abin da ya bari da littattafansa. Hasan ya binne shi a maƙabartar Mujawirai, a sashen da ake kira Lambun Malamai, ya gina alama a kan kabarin, ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa. Bayan shekara goma sha wani abu aka haifa wa Hasan ɗa, Abdurrahman, wanda bai taɓa ganin baƙon ba, amma ya taso a gidan da littattafansa suke. Shi ne ya girma ya zama masanin tarihin da ya rubuta shigowar Napoleon Masar a 1798, shi ne kuma ya adana mana sunan Fodu da Bindu da Ɗan Ranko. Amana ɗaya da aka riƙe, ita ta tsare tarihin nan.

Daga gidan hatimi zuwa ɗakin gwaji

To mene ne haɗin wannan da kimiyyar nano? Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin gashin kai guda ya kai wajen nanomita 80,000. A wannan ƙanƙanta abubuwa kan sauya hali: zinariya ta koma ja a cikin ruwa, azurfa ta ƙara ƙarfin kashe ƙwayoyin cuta. Ba mu rasa alaƙa da irin wannan ba, ko da ba mu san sunansa ba. Tawadar baƙin hayaƙi da ƙaro, irin wadda magabata suka yi rubutu da ita, ƙwayoyin kabon ne ƙanana ƙwarai, na ma'aunin nano, ƙaro ya riƙe su a ruwa ya hana su dunƙulewa. Har yau masu bincike suna amfani da ƙaro don wannan aiki.

Fannin ya ginu ne a kan haɗuwar mutanen da ba sana'arsu ɗaya ba. A 1981 Binnig da Rohrer, a ɗakin binciken IBM da ke Zurik, suka ƙera madubin da ke nuna ƙwayar zarra ɗaya ɗaya. A 1985 Kroto, wanda ke bin sawun sinadaran da ke tsakanin taurari, ya je Jami'ar Rice a Amurka ya yi aiki da na'urar Smalley da Curl, suka gano dunƙulen kabon mai zarra 60. Siffarsa, mai fuska 12 masu kusurwa biyar da 20 masu kusurwa shida, irin ta ƙwallon ƙafa ce, sunansa kuma daga wani mai zanen gine-gine aka ɗauko shi. Taurari, sinadarai, lissafi da gini, duka a gano abu guda.

Ga kuma inda hatimi ya shigo. A 1782 aka buga wani bincike na Euler, babban masanin lissafi ɗan Suwizalan, a kan wani sabon nau'in hatimi, inda ya nuna yadda ake gina shi daga jeri biyu da aka ɗora wa juna, kowanne ba ya maimaita alama a layi. Wannan aiki nasa ne, ta tasa hanyar ya iso gare shi. Abin da ya haɗa shi da Bakatsinen shi ne rijiya guda suka ɗiba. Daga baya Ronald Fisher, a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, ya ɗauki irin wannan jeri ya tsara gwajin taki da iri a gonaki, ya fitar da littafinsa na tsara gwaje-gwaje a 1935. Injiniyan Japan Taguchi ya kai hanyar masana'antu. A yau, mai son haɗa ƙwayoyin azurfa na nano yana fuskantar abubuwa kamar huɗu: zafi, yawan gishirin azurfa, yawan sinadarin da ke sauya shi, da tsawon lokaci. In kowanne yana da mataki uku, gwada duka zai ci gwaji 81. Da jerin Taguchi, tara sun isa a gane inda aka dosa. Wannan jeri na tara kuwa, in aka warware shi, ƙashin bayansa ɗaya ne da na hatimin 4, 9, 2 da na rubuta a sama. Abin da kakanninmu suka naɗe a laya, amfaninsa na gaskiya yana cikin daidaiton da ke tsakanin gidajensa, daidaiton da hankali ke iya tabbatarwa.

Ƙasar da ya yi maƙwabtaka a cikinta ma ta kama wannan hanya. A 1975 aka kafa Cibiyar Binciken Hajji, wadda daga baya ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ummul Ƙura a Makka, aka tara masu zanen gini da injiniyoyi da masana lafiya da na ƙididdiga a kan matsala guda, wato yadda miliyoyin mutane za su yi ibada a ƙaramin wuri lafiya. A 2009 aka buɗe Jami'ar Sarki Abdullah ta Kimiyya da Fasaha a Thuwal, cikin lardin Makka, inda ake binciken nano a kan tace ruwan teku da hasken rana. Matsalolin alhazai, zafi da ruwa da cututtukan cunkoso, ba sa tambayar wane sashe na jami'a mutum ya fito.

Abin da ya rage a wuyanmu

Sunan al-Kashnawi bai ɓace ba. An buga al-Durr al-Manzum a Alƙahira, kwafin Bahjat al-Afaƙ yana ɗakin karatu a Landan, Hassan Gwarzo ya yi nazari a kan lissafin ramzinsa a 1967, Claudia Zaslavsky ta gabatar da hatimansa ga masu karatun Ingilishi a 1973. Amma a tambayi ɗalibanmu na lissafi a Katsina ko Zariya, ko 'ya'yan Hausawan Makka da ke Misfala da Shari'a Mansur, a ga nawa ne suka taɓa jin sunansa.

Gyaran wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma a nan ne tarihin nasa ya zama aiki a gare mu. Littafinsa na aufaƙi ba zai karantu yadda ya kamata ba sai an zaunar da mai Larabcin zaure wanda ya san rubutun hannu, da mai lissafin jami'a wanda zai gane ƙa'idar, da faƙihin da zai raba halal da abin ƙi, da mai Hausar da zai mayar da shi harshen da yaro zai fahimta. Duk waɗannan mutane muna da su a cikinmu, sai dai kowa yana zaune a zaurensa. Ina kira ga iyaye kada su sa yaro ya zaɓa tsakanin allo da ɗakin gwaji kamar kishiyoyi ne. Ina kira ga masu bincikenmu su ƙwanƙwasa ƙofar sashen da ke maƙwabtaka da nasu. Ina kuma kira ga kowane baƙo mai littattafai da takardu ya nemi amintacce tun yana da rai, kamar yadda wannan malami ya yi, domin da yawa daga ilimin mutanenmu a ƙetare a cikin akwati yake ruɓewa bayan jana'iza.

Allah ya jiƙan Muhammadu ɗan Muhammadu, ya karɓi abin da ya dace a cikinsa, ya yafe masa abin da ya kuskure, ya saka wa wanda ya riƙe amanarsa da alheri. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya haɗa kanmu a kansa. Amin.